Guzurin Baƙo, Sharar Ɗan Gari

Garin Rishikesh yana arewacin Indiya, a jihar Uttarakhand, daidai inda kogin Ganga yake fitowa daga cikin duwatsun Himalaya ya fara malala a fili. Tsohon wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, har doka ta hana sayar da nama da giya a cikinsa. Sunansa bai yi tashe a ƙasashen Turawa ba sai a 1968, lokacin da mawaƙan nan huɗu na Ingila, Beatles, suka je suka tare a makarantar Maharishi Mahesh Yogi, 'yan jarida suka bi su da kyamara. Tun daga nan ƙafa ba ta ɗauke ba. Yau ana yi wa garin kirari da cibiyar yoga ta duniya. Kowane watan Maris ana yin babban taron yoga a gidan Parmarth Niketan da ke bakin kogin, kuma tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, a ƙarshen 2014, sai kasuwar ta ƙara buɗewa. Mutane na zuwa daga ko'ina su keɓe na mako ɗaya ko wata guda, su motsa jiki, su rage ci, su huta da hayaniyar waya.

Inda jama'a suka taru kuwa, ɗan kasuwa ba ya nisa. Cibiyar Global Wellness Institute ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an kashe dala biliyan 639 a irin wannan tafiya ta neman lafiya da hutu. A cikin wannan kasuwa akwai wani reshe da ya fi ba ni mamaki, wato na kayan da ake cewa sai da su tafiyarka za ta zama marar cutar da muhalli: buroshin haƙori na itacen gora, jakar auduga, tabarmar ɓawon itace, wandon motsa jiki da aka saƙa da narkakkun gorunan roba, cokalin katako mai gidansa. Ana jera maka su abu ashirin, kowanne da ganye kore a jikin kwalinsa. Ra'ayina a kan wannan a taƙaice yake. Mai son ya tausaya wa ƙasa ya fara da ƙin sayen komai sabo saboda tafiyar, sannan kowane abin da zai jefa a jaka ya tambayi kansa a hannun wa zai ƙare bayan ya koma gida.

Na san wani mai karatu zai ce mu ina ruwanmu da yoga. Malamai sun yi magana a kai, kuma ba bakinsu ɗaya ba: majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin ta a 2008 saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu, ita kuwa Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Wannan muhawara ta masu ita ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ya kawo ni jaka ce, kuma jakar mai zuwa Rishikesh ba ta bambanta da ta mai raka marar lafiya asibiti a Delhi, ko ta mai zuwa hutu Zanzibar ba.

A 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike da ya kamata duk mai sha'awar jakar auduga ya sani. An lissafa abin da ake ƙonawa tun daga gona har zuwa kanti, aka gano sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya bashin hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, in an gwada da leda ɗaya da aka yi amfani da ita sau ɗaya tak. Ba wai leda ta zama abin kirki ba ne. Abin da lissafin ke nunawa shi ne duk sabon abu da bashinsa yake zuwa, na ruwa da wuta da man jirgin ruwan da ya ɗauko shi, kuma ba a biyan bashin nan sai da daɗewar amfani. Wanda ya ajiye buroshinsa na roba mai sauran rai ya sayi na gora saboda tafiyar mako biyu, ya tara buroshi biyu ke nan, kuma gashin na goran ma galibi nailan ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin dariyar shi ne, a cikin ladubba biyar na farko da malamin yoga na dā, Patanjali, ya shimfiɗa wa ɗaliban yoga a littafinsa, shekaru aru-aru da suka wuce, har da barin tara abin da ba a buƙata. Sai ga shi ana shiga makarantarsa da akwati biyu.

Mu ɗauki tabarmar yoga kanta, tunda ita ce alamar sana'ar. Mutane da yawa na zaton tare da yoga aka haife ta, alhali ba ta kai shekara hamsin ba. Mutanen da a kan ƙasa suke yi, ko kan ciyawa, ko fatar dabba, daga baya kuma dardumar auduga. A 1982 ne wata malama 'yar Ingila, Angela Farmer, tana koyarwa a Jamus, ta yanko robar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet don kada ƙafarta ta riƙa zamewa. Mahaifinta ya ga kasuwa a ciki, ya fara sayarwa. Daga nan aka samo tabarmar da ake gani yau rataye a kafaɗar kowa. Yawancin masu arahar da robar PVC ake yin su, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, sai dai an zuba mata sinadaran tausasawa. Ba ta ruɓewa, sake narka ta aiki ne mai wuya da 'yan gwangwan ba sa kulawa da shi, in kuwa aka cinna mata wuta a juji, hayaƙi mai guba take fitarwa saboda sinadarin kilorin da ke jikinta.

To ka duba yadda abin yake tafiya. Ɗalibi ya zo kwas ɗin koyarwa na sa'o'i 200, wanda yakan ɗauki kusan wata guda. Ya sayi tabarma mai araha a kasuwar garin, ya gama, ya ga ba ta shiga akwati, ya jingine ta a bayan ƙofa ya kama hanya. Wani ya zo ya yi haka. Mai masaukin ba shi da inda zai kai su. Mafita ba ta da wahala: a rubuta wa masu masauki tun kafin a tashi, a tambaya ko suna da tabarmi, domin yawancinsu suna da su jibge. Mai ƙyanƙyamin gumin wani ya tafi da zane ko babban tawul ya shimfiɗa a kai. Wanda yake da tasa a gida, ko ta PVC ce, ya tafi da ita ya dawo da ita, ya ci gaba da mora har ta mutu, don jefar da ita saboda a sayi ta ɓawon itace daga Fotugal ƙarin shara ne kawai. In kuwa dole sai an saya, dardumar auduga da ake saƙawa a Indiya tana wankuwa, tana naɗuwa, kuma in ta tsufa ta zama abin goge ƙafa.

Tufafi ma haka. Kayan motsa jiki masu ɗamewa a jiki kusan duk roba ce aka mai da zare, ko foliyesta ko nailan. A 2016 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka auna abin da ke fita daga injin wanki, suka tarar wankin kilo 6 na foliyesta yana iya sakin ƙananan zaruruwa kusan rabin miliyan, waɗanda ido ba ya gani. A Rishikesh kuwa duk ruwan da ya bi kwata, ƙarshenta Ganga ya nufa, kogin da sama da mutum miliyan 400 ke rayuwa a yankinsa. Gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin Namami Gange a 2014, ta ware masa rupi biliyan 200 don tsabtace kogin, an kuma gina wuraren tace ruwan ƙazanta, amma ba a yi su don kama kowane ɗan zare ba. Wandon da aka yi da tsofaffin goruna shi ma roba ne, yana zubar da zarensa kamar sauran.

A nan mu da muka saba da suturar auduga mai walawa ba mu da abin koya a wurin kowa. Wando mai faɗi da riga mai sauƙi sun isa, kala uku, ana wankewa da hannu ana shanyawa. Sun ma fi dacewa da al'adar wurin, domin gidajen da suke kira ashram suna son a rufe kafaɗa da gwiwa, mace da namiji. Abin lura kawai shi ne lokaci. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba a gindin Himalaya ba wasa ba ne, ga shi tun duku-duku ake fara darasi, don haka a riƙe mayafi mai kauri ɗaya. Mayu da Yuni zafi ne, daga Yuli zuwa Satumba kuma damina ce mai zabtarar da ƙasa. In wani abu ya gaza, akwai shagunan khadi, yadin nan saƙar hannu da Gandhi ya mai da alamar neman 'yanci. Kuɗin da ka kashe a can, wani rabo daga ciki zai isa hannun masaƙi.

Abin da na yarda a saya, in babu shi a gida, gorar ruwa ce ta ƙarfe. Baƙo ba zai iya shan ruwan famfo a can ba, cikinsa ba zai ɗauka ba. In ya dogara da ruwan gora na kanti, a zafi zai sha lita uku a rana, wata guda ya tara goruna casa'in shi kaɗai. Yawancin masaukai da gidajen abinci suna da injin tace ruwa, suna cika wa mutum kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Dokar hana roba dai akwai ta. A Disamban 2017 kotun muhalli ta ƙasar Indiya ta hana leda da faranti da cokulan roba a Haridwar da Rishikesh, ta sa tarar rupi 5,000. Daga 1 ga Yulin 2022 kuma gwamnatin tarayya ta hana wasu kayan roba na amfani sau ɗaya a duk faɗin ƙasar, irin su tsinken shan lemo da kofuna da cokula. Amma gorar ruwa ba ta cikin jerin, ledar biskit da ta cin-cin mai ƙyalli ma ba ta ciki, su ne kuwa suka fi cika kwata. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin duk sharar robar da duniya ta tara zuwa 2015, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. Saura tana juji, ko an ƙone ta, ko tana yawo. A Rishikesh shanu ne ke yawo a titi suna kiwo a bola, kuma wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga abin da mahauta ke zarowa daga tumbin akuya ba ya buƙatar bayani.

Saboda haka aikin tun daga gida yake farawa. Sabon abu a ɓare shi a bar kwalin da ledar a inda aka san yadda za a yi da su. Dabino ko gyaɗa a zuba su a gwangwani mai murfi. Wasu ƙasashen ma ba sa jiran mutum ya yi hankali da kansa: Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Tanzaniya kuma a Yunin 2019, har ta gargaɗi matafiya kada su sauka da ita. Tsibirin Bali na Indunusiya, wanda shi ma matattarar masu yoga ne, ya hana leda da tsinken roba a 2019.

Kayan wanka ba sa buƙatar dogon zance. Sabulun salo guda ɗaya ya wanke jiki ya wanke kai, sabulun wanki na sanda ya ji da tufafi, man kaɗe a ɗan gwangwani ya isa fata da leɓe. Ba ruwansu da dokar filin jirgi ta mililita 100, in ban da man da zai iya narkewa, shi sai a sa shi a babbar jaka. Ƙananan kwalaben shamfu na otal a bar musu abinsu a rufe. Asuwaki kuwa ba sai an ɗauka daga nan ba, tunda wasu ƙasashe suna tsananta wa shigo da itace, kuma bishiyar darbejiya da muke samu a kowace ƙofar gida asalinta daga yankin Indiya take, har yau mutanen karkararsu da reshenta suke goge baki.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi tsumulmula ba: magani. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki abin da zai ishe shi har da ƙari, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Maganin sauro, gishirin gudawa, ƙunzugun mata, duk a tafi da su ko da a leda suke. Kwana ɗaya a gadon asibiti yana haifar da sharar da ta fi duk wadda aka yi tattali.

Akwai wata ɗabi'a da ake yi wa kallon kirki, ni kuwa ina ganin wayo ne. Ranar tafiya baƙo ya tattara silifas da ya tsinke, da rabin kwalbar man shafawa, da rigar da ta koɗe, ya tara a kan gado ya ce ya bar wa masu aiki sadaka. Abin da ya yi shi ne ya samar wa tsarabarsa wuri a akwati, ya bar wa mai shara aikin kai kaya juji. Mutanen Accra sun san ƙarshen irin wannan kyauta. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa gwanjo kusan guda miliyan 15 ke shiga kasuwarsu ta Kantamanto kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari shara yake zama, ya toshe magudanan ruwa ya cika bakin teku. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai son ya kyautata wa wadda ta share masa ɗaki wata guda ya ba ta kuɗi a hannu. Mataccen batir da fankon magani da duk abin da garin ba shi da hanyar sarrafawa, ya koma da abinsa.

Duk wannan da na zayyana, in aka ɗora shi a sikeli ɗaya aka ɗora tikitin jirgi a ɗayan, tikitin ne zai rinjaya, da nisa ma. A nan ne masu jerin kayan kore suke barin jaki suna dukan taiki. Masu bincike a Jami'ar Sydney sun lissafa a 2018 cewa yawon buɗe ido ne ke da alhakin kimanin kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, kuma sufuri ne ke da babban kaso a ciki. Daga Kano ko Abuja zuwa Delhi sai an ya da zango a Addis Ababa ko wata ƙasar Larabawa. Zuwa da dawowa a kujerar talakawa, rabon mutum ɗaya na hayaƙin ya haura tan guda, alhali matsakaicin ɗan Najeriya ba ya fitar da tan guda a shekara sukutum. Mai kujerar alfarma kuwa nasa ya ninka, tunda ya cinye wurin mutum biyu ko uku. Ba buroshin da zai goge wannan. Kuma ƙanƙarar Gangotri, wadda ke cikin maɓuɓɓugan kogin da aka je zama a bakinsa, shekara da shekaru tana ja da baya.

Ban ce kada a je ba. Na ce a yi lissafi da gaskiya. Wanda zai je, ya je sau ɗaya ya daɗe, ya fi ya riƙa zirga-zirgar kwana biyar-biyar kowace shekara. In ya sauka Delhi, tsakaninsa da Rishikesh bai kai kilomita 250 ba, kada ya sake hawa wani jirgin saman zuwa Dehradun. Jirgin ƙasa yana zuwa Haridwar cikin sa'o'i kaɗan, daga can kuma tafiyar kamar kilomita 25 ce a mota. Jaka marar nauyi a nan take da rana, domin mai ƙaramar jaka shi ke iya hawa jirgin ƙasa da bas, ya tsallaka gadar ƙafa ta kan kogin da kansa, mai akwati biyu kuwa dole ya ɗauki shatar mota.

Wanda kuma abin da yake nema hutu ne da shiru da iska mai kyau, ba takardar shaidar koyarwa ba, ya tambayi kansa ko sai ya ƙetare teku. Ruwan ɗumi na Wikki yana nan a Yankari ta jihar Bauchi, ɗuminsa kusan digiri 31 rani da damina. Tsaunin Mambila yana nan a Taraba da sanyinsa. Keɓewa ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk goman ƙarshe na azumi muna ganin masu shiga i'itikafi: darduma, bargo, buta, kaya kala biyu, Alƙur'ani. Kwana goma cur, kuma ban taɓa jin wanda ya fito yana kukan ƙarancin kaya ba.

Sauran nauyin yana wuyan masu shirya irin wannan zama, don su ne ke karɓar kuɗi da sunan lafiya da tsabta. A 2015 sai da kotun muhalli ta dakatar da kafa tantunan baƙi a kan yashin bakin Ganga, daga Kaudiyala zuwa Rishikesh, saboda ɓarnar da suke yi, kuma da yawansu da sunan son yanayi suke tallar kansu. Ganyen da aka zana a jikin allo ba hujja ba ne. Kafin ka tura ko sisi, rubuta musu ka tambaya: akwai ruwan sha da ake cikawa a gora? Akwai tabarmi? Ina ruwan bayinku yake zuwa, wa kuma ke kwashe shararku, ina yake kai ta? Masu aikinku 'yan garin ne? Wanda yake yin abin kirki zai amsa da murna, har da hoto. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.